Ranar da batir ya kama wuta a fuskar kwamfuta: shaidar wani malamin kimiyya

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, kuma na daɗe a wannan aiki har wasu daga cikin ɗalibaina na farko sun soma kawo nasu 'ya'yan. Na koyar da alli da allo kaɗai, na koyar da majigi, na koyar da kwamfuta da wayar hannu, yanzu kuma ga manhajojin da ke amsa tambaya kamar mutum. Shaidar da zan bayar a nan ta abin da idona ya gani ce game da abu guda: me ke sa yaro ko yarinya su so kimiyya har cikin ransu, kuma wace rawa na'urorin nan ke takawa.

A zamanin ɗalibtata, kimiyya kwafe ce. Malam ya cika allo da rubutu, mu kwafa, ya goge, ya sake cikawa. Mun haddace dokar Ohm tun ba mu taɓa riƙe ma'aunin wuta a hannu ba. Mun iya zana ƙwayar halitta da duk sassanta, alhali ba mu taɓa leƙa madubin likita ba. Malamanmu sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu, Allah ya saka musu da alheri. Amma abin da ya riƙe ni a kimiyya a wajen aji na same shi. Wata tsohuwar rediyo ce da ta daina magana, na kwance ta, na ga 'yan ƙananan abubuwa masu launi jere a ciki, na kasa barci don son in san aikin kowannensu. Wannan ne karo na farko da tambayar ta zama tawa, ba wadda aka rubuto mini a takarda ba. Duk karatun da na yi daga baya, daga wannan tambaya ya tsiro.

Da na fara koyarwa, na tarar yawancin waɗanda ke zaune a ajin kimiyya ba su suka zaɓo shi ba. Wani mahaifinsa ke so ya zama likita, wata yayarta injiniya ce, wani kuma makin da ya samu ne ya jefo shi. Babu aibu a nan, sai dai irin wannan dalili bakin ƙofar aji kawai yake kawo yaro, ba ya zaunar da hankalinsa. Tambayar da na fi ji a shekarun nan ita ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" In na ce e, alƙaluma su motsa. In na ce a'a, a rufe littafi. Akwai 'yan gaba masu ɗaga hannu kullum, ba su da yawa. Sauran kuwa gangar jikinsu ce a aji. Abin yana ci mini rai, don na san ba basira suka rasa ba. Yaron da ke gyangyaɗi a darasin wutar lantarki, shi ne zai kwance fitilar da ta lalace ya tayar da ita in an tashi.

Sai makarantarmu ta samu majigi da kwamfuta guda ɗaya. Abin da na fara haska musu shi ne bidiyon da aka ɗauka a duniyar wata a 1971, a tafiyar Apollo 15, inda ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin shaho a tare, suka dira lokaci guda. A wata babu iskar da za ta tare gashin, saboda haka abin da Galileo ya faɗa ɗaruruwan shekaru kafin nan, cewa nauyin abu ba ya sa shi ya riga ɗan'uwansa faɗuwa, ya fito fili ƙarara. Aji ya yi tsit, can kuma ya kaure da surutu. Yaran wasu azuzuwa suka cika tagogi. Makonnin da suka biyo baya ba wanda ke makara a darasina, kuma na yi farin ciki ƙwarai.

Ɗokin bai yi tsawon rai ba. Kafin zangon ya ƙare, gaisuwar da ake tarbata da ita ta koma, "Malam, yau akwai fim?" In an kashe fitila an kunna majigi sai kowa ya jingina da kujera ya miƙe ƙafa. Da na tambaye su a rubuce, in aka saki babban dutse da ƙarami daga bene wanne zai fara dira, mafi yawansu suka ce babban. Sun tuna gudumar, wasu har sunan mutumin sun riƙe, amma da na tuna musu sai wani ya ce, "Ai Malam wancan a wata ne, nan kuwa duniya ce." Daga baya na ci karo da binciken Derek Muller, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta Ostireliya kan koyar da fiziks ta bidiyo. Ya gano cewa ɗaliban da suka kalli bayani mai tsabta mai sauƙin bi sun fito suna jin sun gane, amma fahimtarsu kusan ba ta motsa ba. Waɗanda kuma aka nuna wa bidiyon da ya fara kawo gurguwar fahimtar da mutane suka saba yi sannan ya warware ta, sun yi ƙorafin ya rikita su, amma su ne suka fi ƙaruwa. Ana cewa gani ya kori ji. A ajina dai gani bai kori abin da yaro ya riga ya ƙudurce a ransa ba.

Al'amura sun sauya ne lokacin da muka samu 'yan kwamfutoci da ɗalibai za su taɓa da hannunsu, rukuni-rukuni. Abokin aikina malamin kemistiri shi ya nuna mini PhET. Tarin gwaje-gwajen kwaikwayo ne da ake yi a fuskar kwamfuta, wanda Carl Wieman, masanin da ya samu kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke shi a ajiye ya yi aiki ko babu intanet. A cikinsa akwai na haɗa da'irar lantarki. Ga batir, ga waya, ga ƙwan fitila, ga makunni da ma'auni, kana jan su da linzamin kwamfuta kana haɗawa yadda ka ga dama. Abin da ya fi burge ni shi ne ana ganin ilektoron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, suna tafiya cikin wayar ɗige-ɗige, abin da ba idon da zai taɓa ganinsa a waya ta gaske.

Ranar da za mu fara, kafin kowa ya taɓa kwamfuta, na zana batir ɗaya da ƙwayayen fitila biyu iri ɗaya a jere kan layi guda. Na ce kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta wanne zai fi haske da dalilinsa, kada ya sa suna. Na tara takardun na karanta musu. Kusan duk ajin sun ce na kusa da batir, domin shi zai fara shan wutar ya bar wa na biyun ragowa. Tunani ne mai ma'ana, manya da yawa ma haka za su ce. Sai na ce su haɗa su gani. Ƙwayayen biyu suka kama da haske daidai wa daida. Wani yaro ya ɗago ya ce, "Malam, kwamfutar nan ƙarya take yi." Na ce to ya kama ta da ƙaryar. Suka ɗauko ma'aunin gudanar wuta suka sa kafin ƙwai na farko, suka sa a tsakiya, suka sa bayan na biyu. Lamba ɗaya yake nunawa ko'ina. Wasu suka juya batirin, wasu suka musanya ƙwayayen. Ba abin da ya canza. Ajin ya cika da gardama irin wadda ban taɓa jin ta a kan darasi ba, kowa na jan linzami daga hannun ɗan'uwansa.

Cikin wannan hayaniya wata yarinya da ke zama can baya, wadda zango guda cur ban ji muryarta ba sai wajen amsa suna, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, in dai wutar ba ta raguwa, yadda ta fita haka take komawa, to me ke ƙarewa a batir har ya mutu?" Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Shekara da shekaru ina rubuta amsar wannan tambaya a allo ba tare da kowa ya yi ta ba. Ilektoron zagaye suke yi, ba sa ƙarewa. Abin da ke ƙarewa shi ne kuzarin da ke ajiye a sinadaran batir, wanda ke rikiɗa ya zama haske da zafi a cikin ƙwai. Ban ba ta amsar nan take ba. Na ce ta taɓa ƙwan fitilar da ya jima a kunne ta gaya mini abin da ta ji, da kuma inda wannan abu ya fito. Washegari ta zo da rabin amsar a rubuce, da sababbin tambayoyi biyu. Daga ranar ta shiga sahun masu gardama. Makinta bai yi tsalle dare ɗaya ba, a hankali ya riƙa hawa, amma ta daina jiran a kira sunanta kafin ta yi magana.

A wannan darasin ne kuma wani rukuni ya haɗa waya kai tsaye daga kan batir zuwa gindinsa ba tare da ƙwai a tsakani ba. Nan take manhajar ta nuna batirin ya kama da wuta. Suka fashe da dariya, kafin ka ce kwabo kowane rukuni ya ƙona nasa. Na bar su suka more, sannan na tambaye su me ya jawo gobarar. Suka duba ma'auni suka ga lambar ta haura sama fiye da kima. Wani ya ce ai babu abin da ya tare wa wutar hanya. Daga bakinsu dokar Ohm ta fito ranar: in ƙarfin batir yana nan yadda yake, aka rage turjiya ta koma kusan babu, gudanar wuta za ta yi yawan da zai dumama komai. A ɗakin gwaji na gaske ba zan taɓa barin yaro ya yi wannan ganganci ba. A nan kuwa sai dai ka danna maɓalli ka sake daga farko.

A nan nake ganin babbar kyautar da na'ura ta ba ɗalibaina take. Ta ba su wurin da za su yi kuskure ba tare da jin kunya ba. Wanda bai zauna da 'yan shekara 15 da 16 ba, ba zai san girman tsoron da suke yi wa dariyar 'yan'uwansu ba. Wannan tsoro ya fi na faɗuwa jarrabawa girma. In ka kira yaro gaban allo ya kuskure, wataƙila ka rufe masa baki har ƙarshen shekara. Amma a gaban kwamfuta, tsakanin abokai uku, zai gwada ya kasa, ya sake ya kasa, ba wanda ya ƙirga masa, kuma wadda ke ce masa bai yi daidai ba ba ta da fuska balle ta ɓata. Yaran da na daɗe ina ɗauka ba ruwansu da kimiyya, da yawansu ɓuya suke yi.

Na nemi sanin ko masana sun ga irin abin da na gani. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun yi shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi abu don son kansa. Suka ce buƙatu uku ne: ya ji shi ke riƙe da ragamar abin da yake yi, ya ji yana iyawa kuma iyawar tana ƙaruwa, ya ji yana tare da wasu da suka damu da shi. Majigi bai ba ɗalibaina ko ɗaya daga ukun ba, domin linzamin a hannuna yake. Gwajin kwaikwayo a rukuni ya ba su duka ukun. Haka kuma wani bincike da Eric Mazur na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 ya nuna ɗaliban da suka kalli gwaji kawai fahimtarsu kusan ɗaya ce da ta waɗanda ba su gan shi ba, sai fa in an sa su sun yi hasashen sakamakon tukuna. Kafin nan, a 1998, Richard Hake ya tattara sakamakon ɗaliban fiziks sama da 6,000, ya ga waɗanda aka koyar ta hanyar tattaunawa da gwadawa sun ƙaru kusan ninki biyu na waɗanda aka yi wa lacca. A lura cewa 'yar takardar hasashen nan ba ta buƙatar wutar lantarki. Ita ce ke sa yaro ya sa ransa a sakamakon. Aikin na'ura shi ne ta ba shi amsa nan take, ta nuna masa abin da ido ba ya gani, kuma ta yi hakan ga rukuni da yawa lokaci guda, abin da malami ɗaya ba zai iya ba.

Wasu abokan aikina sun ji tsoron kada kwaikwayo ya raba yara da kayan gwaji na gaske. Tsoron yana da tushe, ko da yake wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado a 2005 ya nuna ɗaliban da suka fara koyo da kwaikwayon sun fi fahimta, har ma sun fi saurin haɗa da'ira ta gaske. Ni dai ban yarda ɗaya ya maye gurbin ɗaya ba. A kwamfuta waya ba ta kwancewa, batir ba ya sanyi, komai tsaf yake. Dole yaro ya gamu da ƙwan da ya ƙi kamawa alhali ya haɗa komai daidai, ya bi layi yana lalube har ya gano mahaɗar da ta yi tsatsa. Shi ya sa bayan kowane kwaikwayo nake fito da kayan gaske, komai ƙarancinsu.

Wayar hannu ta zo da nata labarin. Mutane da yawa ba su san wayar da ke aljihunsu cike take da 'yan na'urorin aune-aune ba: mai jin motsi, mai jin sauti, mai jin haske, mai jin maganaɗisu. Akwai manhaja mai suna phyphox da Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar a 2016, kyauta, wadda ke buɗe waɗannan na'urori ta mai da waya kayan gwaji. Da ita muka auna gudun sauti. Ana ajiye waya biyu da tazarar da aka auna, kowace an saita ta ta fara ƙirga lokaci in ta ji ƙara, ta tsaya in ta ji ta biyu. Mutum ya tafa kusa da ta farko, wani ya tafa kusa da ta biyu. Bambancin lokacin da wayoyin biyu suka nuna shi ne lokacin da sauti ya ɗauka ya je ya dawo. In tazarar mita 5 ce, bambancin bai wuce daƙiƙa 0.03 ba, abin da ba hannun da zai iya kamawa da agogo.

Littafi ya ce sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa in zafin iska digiri 20 ne. Lambar da yarana suka fara samu ta yi nisa da wannan sosai. Akwai wani yaro da sunansa ba ya fita daga jerin masu surutu, malamai duk sun gaji da shi. Shi ne ya ƙi yarda a tafi a haka. Ya ce amsa-kuwwar bango ce ke ruɗa wayar, a fita fili. Aka fita, lambar ta matso. Ya ce tafin bai da kaifi, ya samo katako biyu ya buga. Ta ƙara matsowa. An tashi daga makaranta yana nan da abokansa suna maimaitawa. Da na gaya masa cewa sauti ya fi gudu a iska mai zafi, kusan mita 0.6 a daƙiƙa kan kowane digiri, sai ya ce to lallai a auna da sassafe a kuma auna da tsakar rana a gani. Wannan yaro bai taɓa tambayata ko abin zai fito a jarrabawa ba.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar wayar ba. Wadda ke auna sauti ita ce dai ke kawo saƙo da bidiyo da wasa, kuma masu ƙera waɗancan sun fi ni sanin yadda ake kama hankalin yaro. Na sha ganin kai a sunkuye, yatsa na gudu a ƙarƙashin tebur. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta kafa doka ko ƙa'idar hana waya a makaranta, kuma na fahimci dalilinsu. Tsarin da na zauna a kai shi ne waya ɗaya ga kowane rukuni, a kashe mata layi da intanet, ta fito lokacin awo ta koma jaka in an gama. Wannan ya kuma rufa asirin yaron da ba shi da waya, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Mun kuma gwada manhajojin gasar tambayoyi, waɗanda ake haska tambaya kowa ya danna amsa, wanda ya fi sauri ya fi maki, sunaye na hawa da sauka a allo. Aji yakan ɗauki zafi kamar filin ƙwallo. Amma da na sa ido sai na ga abin da suke so shi ne cin gasar, kimiyyar kuwa ko oho. Masu saurin haddace ma'anoni su ke lashewa kullum. Masu tunani a tsanake, waɗanda galibi su ne ke kawo tambaya mai nauyi, suna ganin sunansu a ƙasa, sai suka fara danna ko mene ne don a wuce wurin. Tun a 1971 Deci ya yi gwajin da ya nuna ɗaliban da aka biya don su warware wani wasan ƙwaƙwalwa sun rage sha'awarsa bayan an daina biya, alhali waɗanda ba a taɓa biya ba sun ci gaba da yi don daɗinsa. Maki da kambu a allo suna iya yin irin wannan ɓarna. Yanzu sai lokacin bita nake amfani da irin wannan manhaja, na cire ƙirga sauri, na ɓoye sunaye. In amsoshi suka rabu biyu, sai in ce kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, sannan a sake dannawa. Hanyar Mazur ce, kuma tana aiki.

Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ta raba ɗalibai sama da biliyan 1.5 da azuzuwansu a faɗin duniya, na tura wa nawa bidiyo da gwaje-gwajen kwaikwayon da suke rububi a aji. Kaɗan ne suka buɗe. Wasu ba su da na'urar, wannan a fili yake. Amma har masu ita sun yi sanyi, don babu abokin gardama, babu wanda za ka ce wa "ka gani ko, na faɗa maka." Manhajar ba ta canza ba, mutanen da ke kewaye da ita ne babu.

Saboda haka nake jin takaici in na ga ana auna ci gaban makaranta da yawan kwamfutocin da aka saya. Na shiga makarantun da aka jera su a ɗaki, an lulluɓe da leda, an sa kwaɗo, ana buɗewa in baƙi sun zo. Na ga inda aka raba na'urori ba a zaunar da malamai an koya musu abin da za su yi da su ba, sai suka mai da allon zamani wurin haska rubutun da yara za su kwafa, kwafen dai na zamanina. A 2015 ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasa ta OECD ta fitar da rahoton da ya nuna ƙasashen da suka zuba dukiya mai yawa a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a-zo-a-gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Masu amfani da kwamfuta daidai gwargwado sun ɗan fi waɗanda ba safai suke taɓa ta ba, masu yawan amfani da ita kuwa sun fi kowa komawa baya. A ƙasar Peru, inda aka raba wa yara kwamfutoci ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi da harshe ba. Da ni ake shawara, da an rage yawan na'urorin an ƙara wa malamai lokaci da horo. Kuma ko a ajina, ba kowa ne ya kamu ba. Akwai waɗanda zuciyarsu na wajen adabi ko kasuwanci ko zane, suka yi abin da ya wajaba suka wuce, kuma ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya.

Tun daga ƙarshen 2022 kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Aikin gida ya fara dawo mini da amsoshi tsaf-tsaf, jimla a kan jimla, daga yaran da in ka tambaye su baki da baki sai su yi zuru. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin na'urorin baya suna taimaka wa yaro ya binciki tambayarsa, wannan kuwa tana iya ɗauke masa wahalar tunanin gaba ɗaya tun sha'awa ba ta tsiro ba. Hana su ba zai yiwu ba, don haka na canza irin aikin da nake bayarwa. Yanzu aikin gida awo ne. Zangon nan kan lilo muke: kowa ya ɗaura ɗan ƙarfe ko dutse a zare, ya auna tsawon zaren, ya ƙirga lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo. Sai ya kawo mini abu uku: hasashensa da ya rubuta kafin ya fara, abin da manhajar ta ce in ya ga damar tambayarta, da lambar da hannunsa ya auno. In suka saɓa, ya yi bayanin dalili.

Yawancinsu sun yi hasashen dutse mai nauyi zai fi sauri, suka tarar nauyi ba shi da tasiri, tsawon zare ne ke magana. Zare mai mita 1 yana ba da kusan daƙiƙa 2. Da na tambayi me zare mai mita 4 zai bayar, rabin ajin suka rubuta 8. Wani rukuni ya zauna da lambobin da ajin ya tara, gajerun zaruruwa da dogaye, suka ce a'a, sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin lokaci ya ninka sau biyu, don haka 4 za a samu. Ɗaya ɓangaren ya ce ba zai yarda ba sai an gwada da zare na gaske. Na nemi izinin shugaban makaranta mu rataya shi daga bene mako mai zuwa, ya amince, da sharaɗin ni zan hau in ɗaura.